Tagar Lurwanu

Litinin, ƙarfe tara da kwata,
ofishina a saman bene a PZ,
kujeru goma sha biyu, ni kaɗai.
Fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan,
janareta a ƙasa na shan dizal kamar mai buɗa-baki.

Na kunna kwamfuta, ma'aikatana suka fito,
kowa a 'yar tagarsa kamar tattabaru:
Sahura daga Kano, baki na motsi, murya ta maƙale a hanya,
Kefas daga Jos cikin rigar sanyi,
Bilyaminu a kasuwar Giwa, buhunan masara a bayansa,
har wani ɗan dako ya leƙo ya gaishe mu.
Tagar Lurwanu baƙa ce.
Wata na uku ke nan baƙa ce,
sai sunansa, sai "ina ji, ranki ya daɗe."

Babana mai shagon yadi a kasuwar Sabon Gari,
daga takun yaro yake gane an ci bashi,
daga ajiye almakashi yake sanin gida ba lafiya.
Na gaji sunansa, ban gaji idonsa ba.
Ko na gada, me zai tsinta a gilashi?
Makiyayiya ce ni mai jin kukan shanu
daga bayan dutse.

Banki ya rubuto.
Masu hannun jari sun kira daga Legas
da Turanci mai santsin sabulu:
waken soya ya faɗi, dala ta hau,
a rage mutum biyu kafin Juma'a.
Mutum biyu,
kamar mai cewa a rage gishiri a miya.
Tun ina ƙarama nake jin babba juji ne,
ba wanda ya ce mini wata rana
jujin za a miƙa wa ashana.

Daren Laraba na ɗauki biro,
na fara da sunan da ba shi da fuska
don shi ya fi sauƙin rubutu.
Ai rahotonsa sai biyun dare yake zuwa.
Na ce wani aikin yake yi da rana,
da albashina.

Alhamis, ana tsakiyar lissafi,
yatsansa ya kuskure.
Tagar ta buɗe daƙiƙa huɗu, ko biyar:
benci, bango mai koren fenti zuwa rabi,
ƙarfen ƙarin ruwa,
ƙafar yarinya ta fito daga mayafi, lallen ya kusa gogewa,
kwamfuta a kan gwiwa.
Na san bangon nan. A jikinsa na jingina da jinyar Inna.
Shika.
Ni da nake zaton yana Funtuwa yana sharar barci,
ashe tsakaninmu bai wuce hawa a-daidaita biyu ba.
Ya rufe, ya ɗora daga inda ya tsaya:
"tan arba'in da biyu, ranki ya daɗe."
Ko tari ba wanda ya yi.

Bayan la'asar na bi ta Kwangila, na wuce Samaru,
filas ɗin shayi a kujerar gefe, da ledar lemo.
A ƙofar asibiti na kashe mota, na kasa fita.
Da hoton fasfo na ɗauke shi aiki.
Yanzu sai in shiga ɗaki-ɗaki ina tambaya
wane ne Lurwanu,
ni da na shekara biyu ina sa hannu a albashinsa?

Takardar na cikin jaka.
Na soke suna, amma layukan nan biyu suna nan,
banki bai san hanyar Shika ba.
Sauran tagogi goman kuwa,
wa ya san abin da ke gefen bangon
da kowa ya zaɓa ya nuna mini?

Waya ta hau ruri. Legas.
Na kife ta a kan kujera,
na ɗauki filas.